Sanarwa kan hotunan gyaran tanki

Assalamu alaikum ƴan uwa masu gyaran sigarin lantarki na Gombe.

Jiya an turo hoton tankin (mazubin ruwan sigarin) da aka faɗaɗa wa ramin iska, aka sauya robarsa da gilashi, ba a ambaci mai aikin ba. Da idona na ga ƙanenmu ya yi kwana uku yana goge bakin gilashin nan har yatsunsa suka yi kanta. Abin ya dame ni.

Daga yau, mai turo gyara ya rubuta sunan wanda ya ƙirƙiro shi, ko da a YouTube ya gani. Batirin sigari samfurin 18650 da ledarsa ta yage kada a sa shi, yana iya kamawa da wuta. Kada a sayar wa yara.

Mu haɗu Asabar bayan La'asar a Tudun Wada. Allah ya bar zumunci.