A Daure Jiragen Sama Kafin Guguwa Ta Iso

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci kan ɓarnar da mahaukaciyar guguwa ke yi wa ƙananan filayen jiragen sama. A shekarar 1992, guguwar Andrew ta ragargaza rumfunan ajiye jirage a filin Tamiami da ke kudancin Miami a Amurka, ta kife jirage da dama. Ƙaramin jirgi ba shi da nauyi, kuma fukafukansa an ƙera su ne domin iska ta ɗaga su, shi ya sa igiya ɗaya ba ta riƙe shi. Mafi alheri shi ne matuƙan jirgi su tashi da jiragensu zuwa nesa tun da wuri. Wanda ya rage kuwa a ɗaure shi ta fukafukai da jela, a kwashe tarkacen da ke kewaye.

Naka,
Mai karatu