Baƙaƙen duwatsun Madina suna da labari

Edita,

Assalamu alaikum. Ni malamin labarin ƙasa ne a makarantar sakandare, kuma bana Allah ya nufe ni da zuwa Umara. Da motarmu ta doshi Madina daga Makka, sai ga baƙaƙen duwatsu shimfiɗe hagu da dama, iya ganin ido. Inda muka tsaya salla na ɗauki guda na duba: duk huji ne kamar soso, gefensa da kaifi har ya kankare mini yatsa. Na ce wa abokan tafiya wannan aman dutse ne da ya daskare. Wani dattijo ya ce, "Malam, iya bakinka, garin Manzo ne fa." Na yi shiru don girmansa, amma maganar ta tsaya mini a rai.

Larabawa na kiran irin wannan fili harra. Wadda ke kudu da Madina sunanta Harrat Rahat, kuma ba ta mutu ba, wato tana iya sake aman wuta. A shekara ta 654 bayan Hijira, wato 1256, ƙasa ta yi ta girgiza kwanaki, sannan ta tsage kudu maso gabas da birnin. Kwana 52 wuta na fita. Narkakken dutse ya malala kusan kilomita 23, ya tsaya saura kaɗan ya iso gari, mutane sun cika Masallacin Annabi suna kuka da istigfari. Imamu Nawawi, wanda abin ya faru a zamaninsa, ya ambace ta da yake bayanin hadisin wutar da za ta fito daga Hijaz. To in malamanmu sun rubuta, don me mu za mu ji nauyin faɗa?

Su masu ƙasar ba su ɗauki abin da wasa ba. A 2009 girgizar ƙasa dubbai ta afku a yankin Al-Ais, arewa maso yamma da Madina, har aka kwashe mutum wajen 40,000. Hukumar binciken ƙasa ta Saudiyya, tare da takwararta ta Amurka, ta auna shekarun malalar narkakken dutse a wurare da dama na Harrat Rahat, ta kafa na'urorin sauraron motsin ƙasa, ta zana taswirar inda wuta za ta iya bi. Wahalar aikin ita ce irin wannan fili ba shi da baki ɗaya da za a zuba wa ido. Sabon rami na iya buɗewa inda ba a zata ba. Ga shi birnin Madina ya haura mutum miliyan ɗaya, gidaje sun hau kan tsohuwar malalar.

Roƙona, Edita, kafin aikin Hajji mai zuwa ku ware shafi guda, ku haɗa malamin hadisi da masanin duwatsu su yi wa maniyyata bayani da Hausa. Da na ba ɗalibaina labarin, tambayoyin da suka yi mini sun cinye darasin ranar gaba ɗaya.

Naku,
Wani malamin makaranta, Zariya