Fatsar giwan ruwa a zurfin Lagdo: a duba ƙugiya kafin a duba sanda

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon ɗan fili a jaridarka domin mu yi magana da matasanmu na Garwa da kewaye, waɗanda suka fara fatsa da sandar zamani mai injin naɗi. Yawancinsu a waya suka ga abin: Turawa a kogin Detroit, tsakanin Amurka da Kanada, suna sauke kifin roba mai nauyi har ƙasan ruwa, su ɗaga su saki, su ɗaga su saki, sai wani dogon kifi mai haƙora da ake kira muski ya cafke. Dabarar tana ci a nan ma, domin giwan ruwa, wanda 'yan kasuwa ke ce wa kafiten, yana amsa ta sosai. Abin da ke damunmu shi ne yaro zai zuba duk kuɗinsa a sanda mai ƙyalli, ya bar ƙugiya da zobe da ƙulli yadda ya same su, alhali ta nan kifi yake kuɓucewa.

Maganar sanda ba ta da tsawo. Masu kamun muski a tsaye suke cikin faffaɗan jirgi, shi ya sa suke riƙe sanda mai tsawon mita biyu da rabi ko fiye. Mai kwale-kwale a zaune yake. Doguwar sanda za ta gajiyar masa da kafaɗa, kuma idan kifi ya shige ƙarƙashin jirgi za ta bugi gefen katako ta karye. Mita 1.8 zuwa 2.1 ta isa. A duba rubutun da ke jikinta kusa da mariƙi, a zaɓi mai ɗaukar giram 60 zuwa 150, mai laushin kai da taurin gindi. A zura auduga cikin kowane zoben da zare ke bi. Inda auduga ta maƙale, akwai tsaga, kuma tsagar nan za ta ci zare cikin yini ɗaya.

Injin naɗi, wanda masu shaguna ke kira muline, a nemi mai lamba 6000 zuwa 8000, mai jikin ƙarfe. Na roba yana murɗewa idan nauyi ya hau shi, haƙoran ciki su goce, hannu ya riƙa yin tsalle. Ya zama yana cin aƙalla mita 200 na zare. Abin da ya fi komai a jikinsa shi ne birki, wato maɗaurin nan na gaba da ke barin zare ya fita idan kifi ya ja. Kada a saita shi da ka. A cika bokiti da lita 7 na ruwa, a ɗaura zaren a hannun bokitin, a ja kai tsaye daga injin, a yi ta sassautawa har zare ya fara fita daidai lokacin da bokitin zai bar ƙasa. Kilo 7 ke nan da ɗan ɗori, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin zare mai kilo 30. Idan zaren yana fita da fizga maimakon sulɓi, fayafayan birkin sun bushe ko yashi ya shiga. A kwance a goge a shafa man da aka yi domin su.

Zare kuwa saƙaƙƙe ake so, mai ƙarfin kilo 23 zuwa 30. Zaren leda, wato na nailan, yana miƙewa, a zurfin mita 20 kifi zai taɓa ya tofar ba ka ji ba. Saƙaƙƙen zare siriri ne, yana yanka ruwa, ko ganye ya taɓa za ka ji a hannu. Aibinsa ɗaya: ba ya jure gugar dutse. Don haka dole a haɗa masa kan gaba na leda mai kauri, milimita 0.80 zuwa 1.00, tsawon mita ɗaya da rabi. A nan ne ake yawan kwaikwayon masu muski ba bisa dalili ba. Su waya suke sawa saboda haƙora. Giwan ruwa ba shi da haƙoran yanka. Bakinsa kamar takardar goge katako yake, sai kuma ƙashin kumatunsa mai kaifi kamar zarto. Leda mai kauri ta ishe shi, kuma a ruwa mai haske ya fi yarda da ita. Waya sai inda tsage, kifin nan mai kaifin haƙora, ya yi yawa, kamar kogin Faro da wasu gurabun Binuwai, a sa taƙi ɗaya a gaba. Bayan kowane kifi a shafa kan gaban da yatsa biyu. In ya yi kaushi, a yanke a sake ɗauri, komai ƙyuya. Kuma a jiƙa ƙulli da yawu kafin a matse shi, domin busasshen ƙulli yana ƙona kansa.

Yanzu ga inda aka fi yin asara. Kifin yaudara, wato kifin robar nan, mai araha yakan zo da siraran ƙugiyoyi masu baki uku da ƙananan zobba masu laushi da ke haɗa ƙugiyoyin da jikinsa. Giwan ruwa mai kilo 20 in ya tashi sama ya buɗe baki ya kaɗa kai, ƙugiyar za ta miƙe kamar allura, ko zoben ya buɗe, ka jawo kifin robarka lafiya lau ba ƙugiya. Tun a gida a cire su duka. A sa zobba masu ƙarfin kilo 40 ko fiye, da ƙugiya mai kauri. Gwajin mai sauƙi ne: a kama ta da filaya, a murɗa da ƙarfin hannu ɗaya, in ta buɗe ba ta aiki ba ce. A ja tsininta a kan farce. In ya zame bai kama ba, a wasa shi.

A tafkin Lagdo mun fi son ƙugiya guda mai lamba 6/0 ko 7/0, a ɗaure da gajeriyar igiya ta wajen kan kifin yaudarar, ba a wutsiya ba. Tun da aka kammala madatsar a 1982 ruwa ya haɗiye daji da duwatsu, kututtura suna nan a ƙasa har yau. Mai baki uku a wutsiya tana zuwa ƙasa za ta rungumi reshe. Giwan ruwa kuma zuƙar abinci yake yi gaba ɗaya, ƙugiyar da ke lilo ita ce ke fara shiga bakinsa.

Nauyin kifin yaudara zurfi da iska ne ke yanke shi. A mita 8 zuwa 12, ruwa kwance, giram 40 zuwa 60 ya wadatar. Daga mita 15 zuwa 25, ko in iskar hunturu ta taso tana tura jirgi, sai giram 80 zuwa 120. Zaren ne zai gaya maka gaskiya: in ya karkace ya yi nisa da jirgi, abin ya yi sauƙi, ka ƙara nauyi ko ka rage gudun jirgin. Tsohon bokiti da aka ɗaura da igiya aka jefa ta ɓangaren da iska ke fitowa yana riƙe kwale-kwale ƙwarai. Launi ba abin ɓata lokaci ba ne: fari mai sheƙi irin na kawara in ruwa ya washe, ruwan zinariya ko ruwan goro in ya yi laka.

Wurin sauka shi ne gefen tsohon kwarin kogi da gindin duwatsu. Wanda ba shi da na'urar duba ƙasan ruwa ya ɗaura dalma a igiya, ya yi ƙulli a kowace mita, ya nemi inda zurfi ya faɗa farat ɗaya. Kada a ɗauka wuri mafi zurfi shi ne mafi kifi. Da bazara ruwan da ke saman tafki yana ɗumi ya ƙi gauraya da na ƙasa, iskar da kifi ke shaƙa ta ragu a can ƙasa, giwan ruwa kuwa ba ya jure wannan, sai ya hau tsakiya.

A sauke har ya taɓa ƙasa, a naɗe sau biyu, a ɗaga kan sanda kamu ɗaya ko biyu, sannan a bi shi ƙasa a hankali, zare ba a miƙe tsam ba, ba kuma a sake ba. Yawancin kamu a lokacin saukar nan yake zuwa. Wani lokaci ba fizga za ka ji ba, nauyin ne kawai zai ɓace, ko zare ya tsaya kafin ya kai inda ya saba. To ka fizgi sanda nan take domin ƙugiya ta soki kifin. Daƙiƙun farko su ne na fitar da shi daga kututture. Bayan haka a bar birki ya yi aikinsa, kada a ɗora yatsa a kan zare, yana yanka har ƙashi.

Akwai abin da muke roƙon 'yan'uwa su kula da shi. Kifin da aka fizgo da sauri daga zurfin da ya wuce mita 10, jakar iskar cikinsa tana kumbura, har tumbi ya leƙo ta baki, ko an sake shi ba zai iya nutsewa ba. Manyan giwayen ruwa kuma galibinsu mata ne, su ne masu ƙwai. Wanda ya yi niyyar saki ya hau da kifin sannu, ya cire ƙugiya da filaya kifin na cikin ruwa, in ya kasa nutsewa a maƙala masa dalma mai nauyi a leɓe da ƙugiya marar ƙaya, a sauke shi ƙasa, a fizge igiyar. Watannin damina da hukumar kamun kifi ke rufe su a Lagdo domin kifi ya hayayyafa sun shafi mai sanda kamar yadda suka shafi mai kalli. A gaida sarkin ruwa na wurin kafin a shiga, a tambaye shi inda dorina take kwana da inda aka shimfiɗa mamari, wato doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa, a kuma sa rigar hana nutsewa.

Masu shagunan kayan su na Garwa kuma, don Allah ku riƙa kawo zobba masu ƙarfi da ƙugiyoyi masu kauri da leda mai milimita ɗaya, ku sayar da su daban-daban yadda mai ƙaramin ƙarfi zai iya saye.

Wassalam.

Daga wasu masu fatsa, Garwa, Arewacin Kamaru.