Waƙar Talla a Japan da Tamu ta Kaduna

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi tsokaci a kan abin da kunnuwanmu ke sha safe da yamma amma ba mu cika zama mu tattauna shi ba, wato waƙoƙin talla na rediyo da talabijin. Daga ƙasar Japan na ɗauko hujjata, domin a can waƙar talla takan yi shekara talatin ko hamsin a bakin jama'a, har jika ya rera abin da kakansa ya ji yana saurayi, alhali a nan Kaduna waƙar da aka ishe mu da ita da azumi, kafin babbar salla an manta da ita.

Japanawa sun fara talabijin a 1953, kuma tallan farko da tashar Nippon TV ta nuna a watan Agustan shekarar na agogon Seiko ne. Mu kuwa an buɗe gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a nan Kaduna a 1962, tazarar shekara tara kacal, don haka ba za mu fake da cewa jiya muka shigo harkar ba. Wani abin lura shi ne yawancin tallansu sakan 15 ne, kuma tun da wuri suka gane cewa a wannan ɗan lokaci ba a iya yi wa mutum bayanin kaya, sai dai a bar masa ɗan kiɗan da zai bi shi har makwancinsa.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na kamfanin kayan lantarki na Hitachi. Tun 1973 yake amfani da waƙa guda, wadda Asei Kobayashi ya tsara kiɗanta, kuma har yau ita ce. Abin da ake nunawa wata ƙatuwar bishiya ce mai faɗin inuwa a tsakiyar koren fili, waƙar tana tambayar wace irin bishiya ce wannan, sunayen rassan kamfanin suna wucewa a hankali a kan allo. Babu firji, babu farashi, babu wanda ke rantsuwa cewa kayansa sun fi na kowa. Bishiyar ma ba a Japan take ba, tana lambun Moanalua ne a Hawai ta ƙasar Amurka, kuma saboda wannan talla Japanawa masu yawon buɗe ido sukan je takanas su ɗauki hoto a gindinta. Kobayashi ya rasu a 2021, shugabannin kamfanin sun sauya sau da dama, amma babu wanda ya zo ya ce tunda shi sabo ne sai an yi masa sabuwar waƙa.

Kamfanin jiragen ƙasa na JR Tokai ya bi wata hanyar. Mawaƙi Tatsuro Yamashita ya fitar da waƙarsa ta daren Kirsimeti a 1983, ba ta yi wani tashe na a-zo-a-gani ba, sai a 1988 kamfanin ya ɗora ta a kan tallan wata budurwa da ke jiran saurayinta a tasha, jirgi ya sauke fasinjoji ya tafi ba ta gan shi ba, ido ya fara kawo ruwa, sannan ya ɓullo. A Disambar 1989 waƙar ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin cinikin faya-fayai na Oricon, kuma a 2016 kundin Guinness ya shaida cewa ta yi shekara 30 a jere tana shiga cikin ɗari na farko. Kamfanin nan dai tun 1993 yake tallan ziyartar birnin Kyoto da karin wata tsohuwar waƙar Amurka guda ɗaya, sai dai kowane yanayi na shekara a sake mata kayan kiɗa.

Kada a ɗauka ina cewa ba a sauya waƙa ko kaɗan. A 1989, lokacin da kuɗi ke ambaliya a Japan, kamfanin magunguna na Sankyo ya tallata abin shan ƙarin kuzari na Regain da waƙa mai takun sojoji, tana tambayar ma'aikaci ko zai iya fafatawa awa 24 ba hutu. Ta karɓu ƙwarai, ko da yake a ƙasar da mutane ke faɗuwa su mutu saboda yawan aiki, ni ban ga abin alfahari a wannan tambaya ba. Bayan shekara goma, tattalin arziki ya karye, kamfanoni suna sallamar ma'aikata, sai aka tallata Regain da kiɗan fiyano zalla mai sanyi, babu murya ko ɗaya, na Ryuichi Sakamoto, wanda ya taɓa cin kyautar Oscar. Mutane suka yi ta neman faifan, har ya zama kiɗa marar waƙa na farko da ya kai matsayi na ɗaya a jadawalin Oricon, a 1999. Masu tallan sun dubi halin da jama'a ke ciki ne, suka ga gajiyayye ba ya bukatar a yi masa tsawa.

Akwai kuma wata ɗabi'a tasu da nake ganin ita ce ginshiƙin komai. Sau da yawa akan rubuta sunan waƙa da na mawaƙinta da ƙananan haruffa a gefen allo yayin da tallan ke gudana, wanda ta yi wa daɗi ya san abin da zai nema. Suna da ƙungiyar JASRAC tun 1939 mai karɓar wa mawaƙa haƙƙinsu. Shi ya sa babban mawaƙi ba ya jin ya zubar da girmansa don ya yi wa kamfanin sabulu ko na kwalliya aiki, yana zuba basirarsa duka. Tsarin yana da nasa aibin, domin an kai lokacin da waƙar da ba ta samu kamfanin da zai ɗauke ta ba da wuya ta yi kasuwa, wasu mawaƙan kuma suka koma ƙera amshi na sakan 15 su cike sauran da tarkace.

To, mu saurari namu. Mai talla ya shiga situdiyo da rana, a danna masa kiɗan kwamfuta da aka kwaso daga fim ɗin Indiya ko daga waƙar kamfen ta zaɓen da ya wuce, a sa wani yaro ya jero cututtuka goma sha da magani ɗaya ke warkarwa, a maimaita lambar waya sau uku da ƙarfin da sai ka rage muryar rediyo, kafin magariba an gama an biya shi ɗan abin da ba zai kai shi ƙarshen mako ba. Ba a faɗin sunansa, ba a sake waiwayarsa ko da za a shekara ana sa muryarsa. Abin takaicin shi ne ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu: mai tallar fura da nono ba ta sauya karin kiranta, shi ya sa matar gida tana tsakar gida ta san wadda ke wucewa, ta aiki yaro da kwano tun ba ta gan ta ba. Muna da kalangu, da gurmi, da kuntigi, da sarewa, kowannensu yana iya zama shaidar kamfani a cikin sakan biyar, amma an bar su sai ranar biki.

Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris na 2023, ta tanadi kariya ga masu ƙirƙira, hukumar ARCON kuma ita ke tantance tallace-tallace kafin a watsa su. Roƙona ga gidajen talabijin na Kaduna shi ne su fara rubuta sunan mawaƙi da makaɗi a gefen allo, na rediyo kuma su ambace su ko da sau ɗaya a rana. Mawaƙanmu su daina sayar da murya baki da baki, su nemi yarjejeniya a rubuce mai faɗin tsawon lokacin da za a yi ana amfani da aikinsu da abin da za a ƙara musu idan an zarce. 'Yan kasuwarmu na Kasuwar Barci da Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi kuwa, duk wanda Allah ya ba shi waƙar da yara suka fara rerawa a hanyar makaranta, ya riƙe ta ko da shekara biyar ce kafin ya yi tunanin sauya ta.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna