Wasiƙa Kan Zuwanku Zanzibar

Aminina,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, da Hajiya da yara da su Baba. Saƙonka ya iso, kuma na yi murna ƙwarai da jin cewa za ka rufe shago na ɗan lokaci, ku je Zanzibar, tsibiran nan na ƙasar Tanzaniya, kai da uwargida ku huta. Ka tambaye ni jirgi da abin hawa da kuma tausa saboda ciwon bayan nan naka. Duk wahalar tafiyar nan a hanya take, idan ka gyara ta tun kana Kano, sauran sai jin daɗi.

Fara da takardu. Mai fasfon Najeriya ba a buga masa bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai ya nema tun daga gida an amince, kuma tana ɗaukar lokaci. Kada ka biya kuɗin tikiti kafin ta fito. Ku riƙo katin allurar shawara. Sannan tun watan Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi wata inshora ta dala 44 kowane mutum, ana biya ta intanet kafin a taso.

Jirgin Ethiopian yana tashi daga Kano zuwa Addis Ababa, daga can ku canja zuwa filin jirgin Abeid Amani Karume da ke tsibirin. Don Allah ka sayi tikiti ɗaya da ya haɗa tafiyar duka. Masu raba shi biyu don neman sauƙi, idan jirgin farko ya makara, na biyu ya tafi da kuɗinsu, kaya kuma su maƙale a hanya. Agogon can yana gaban namu da awa biyu. Ku kauce wa Maris zuwa Mayu, lokacin ruwa ne kamar da bakin ƙwarya. Yuni zuwa Oktoba ya fi daɗi.

In kuma ta Dar es Salaam, babban birnin gaɓar tekun Tanzaniya, kuka biyo, jirgin ruwa mai sauri yana kai mutum cikin kamar awa biyu. Ku hau na safe, domin da yamma teku kan yi tsalle, kuma na san Hajiya ba ta saba ba. A bakin tashar za ka ga samari sun yi maka caa, kowa na cewa shi ne mai tikiti. Wuce su da sallama, ka shiga ofishin kamfanin da fasfonku. Duk jirgin da ka ga an cika shi maƙil, kada ku taka shi. Mutanen can ba su manta da Spice Islander ba, wanda ya nutse a 2011 tsakanin Unguja, babban tsibirin Zanzibar inda za ku sauka, da tsibirin Pemba saboda lodin da ya wuce kima.

A tsibirin, ta hannun hagu ake tuƙi, don haka ban so ka yi hayar mota ka tuƙa da kanka. Akwai dala-dala, motocin haya masu arha da ke lodi a wajen kasuwar Darajani, wasu da benci biyu a baya ana zaune gwiwa na gugar gwiwa. Ku hau sau ɗaya don ganin gari, amma ranar da kuke da akwati ku ɗauki tasi, a yanke kuɗi kafin a tayar da mota. Daga cikin gari zuwa Nungwi a arewa ya haura awa guda. Ga abin da ke sa baƙi rasa jirgi: Waswahili daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, ƙarfe bakwai na safe shi ne ƙarfe ɗaya a wurinsu. Idan kun yi alkawari da direba, nuna masa lokacin a wayarka.

Wajen masauki, gabas kamar Paje ruwa kan janye ya yi nisa, har ka ga mata sun shiga suna aikin gonakin ciyawar teku. Abin kallo ne, amma mai son shiga ruwa kowane lokaci Nungwi ko Kendwa ya fi masa.

Yanzu tausa. A bakin teku za a yi ta tare ku ana tayi da kwalbar man kwakwa a hannu. Ni dai ina ba ka shawarar ka je wurin da ke da ɗaki da ƙofa da farashi a rubuce. Ka faɗa tun farko cewa namiji kake so ya yi maka, mace ta yi wa Hajiya. Mafi yawan mutanen garin Musulmi ne, ba wanda zai ga baƙon abu. Ka gaya wa mai tausar inda ke maka ciwo, kuma kada ka yarda a taka maka baya ko a murɗa wuya. Idan ciwon yana sauka har ƙafa, ga likita kafin ka taso, tausa ba za ta warkar da wannan ba. Tsibirin gidan kanumfari ne, suna sa mansa a tausa, yana da zafi. A ɗan shafa a hannu a gani tukuna, kuma kada a yi a ranar da rana ta ƙona fata. Hajiya kuwa ta tambayi singo, gyaran jikin amarensu ne na furanni da kanumfari da sandal, kusan irin dilkar da ta sani.

Ka turo mini ranar da bizar ta fito, in fara nema muku masauki. A gaida Hajiya da yara, a ce wa Baba ina neman addu'a.

Naka amini.