Rahoton Ayyukan Shekara: Nazarin Waƙoƙin Adawa da Kama-karya

Assalamu alaikum, 'yan uwa membobi.

Kamar yadda babban taro ya amince bara, bana ƙungiya ta taƙaita nazarinta kan waƙoƙin da aka yi a ƙarƙashin mulkin kama-karya da danniya. Zaman wata-wata ya ɗore, ko da yake halarta ta yi rauni a tsakiyar shekara.

Da Rasha ta zamanin Stalin muka fara, a can kuma muka fi daɗewa. A 1933 Osip Mandelstam ya tsara 'yar gajeriyar waƙa ta zambo, ya kamanta yatsun Stalin da tsutsotsi, gashin bakinsa da kyankyaso. Da ka yake karanta wa abokai ita, amma duk da haka ta kai kunnen hukuma. Aka kama shi a 1934, aka sake kama shi a 1938, ya mutu a wani sansanin fursunoni kusa da Vladivostok a ƙarshen wannan shekarar. Matarsa Nadezhda ce ta haddace waƙoƙinsa don kada su salwanta. Ita kuwa Anna Akhmatova, wata 17 ta yi tana bin layi a ƙofar gidan yari a Leningrad saboda ɗanta da aka tsare. Waƙar da ta yi kan wannan ukuba, sai ta rubuta baiti a 'yar takarda, aminiyarta Lydia Chukovskaya ta haddace, nan take a ƙona takardar. Ba a buga ta a Tarayyar Sobiyet ba sai 1987.

Waɗannan biyun ne suka sauya mana hanyar nazari. Da farko membobi kan tsaya a warwarar jigo: zalunci, tsoro, ɗauri, shi ke nan an gama. To ai duk waƙoƙin nan jigonsu kusan ɗaya ne. Inda suka bambanta shi ne salo da zubi, su kuwa tsoron hukuma ne ya tsara su. Waƙar da za a adana a ƙirji dole ɗangwayenta su gajarta, kari da amsa-amo su riƙe ta. Tun daga nan, kowace waƙa aka kawo sai mun tambaya ta wace hanya ta isa ga jama'a, kuma wane ne mawaƙin ba ya so ya ji.

Muhawarar da ta fi zafi ita ce ta zambo da habaici. Masu goyon bayan fito-na-fito sun kafa hujja da Ahmad Fu'ad Najm na Masar, wanda ya yi waƙa da harshen 'yan kasuwa, Shaikh Imam yana rerawa, suka sha ɗauri a zamanin Nasir da Sadat. Ɗaya ɓangaren ya kawo Jack Mapanje na Malawi, wanda ya fake da hawainiya da sauran dabbobi yana sukar mulkin Hastings Banda, da kuma Faiz Ahmad Faiz na Pakistan, wanda a 1979 ya ari siffofin ranar ƙiyama ya yi wa mulkin Ziya'ul Haƙ gargaɗi ba tare da ya ambaci suna ba. Ba a tashi da matsaya ba. Ra'ayina a matsayin sakatare shi ne, masu cewa habaici tsoro ne ba su duba tarihi ba. Lulluɓin bai tserar da Mapanje ba: an tsare shi a 1987 ba tare da gurfanarwa ba, ya zauna a kurkukun Mikuyu har 1991. Wanda habaici ke karewa shi ne mai sauraro, domin zai iya rera waƙar a bainar jama'a, in an tsare shi ya ce shi zancen hawainiya yake yi.

An sami ɗan saɓani da wasu suka kawo waƙoƙin mawaƙan haya, irin waɗanda ke zagin mai mulki yau, gobe in ya buɗe hannu su koma kirari. Kwamiti bai sa su a jadawali ba. Suna da nasu nazarin, amma ba a wannan layin ba.

Babbar matsalarmu fassara ce. Mafi yawan waƙoƙin ta hannun masu fassara muka karanta su, kari ya zube a hanya, alhali a kansa muka gina hujjarmu. Waƙoƙin Larabci kaɗai muka ji da muryarsu ta asali, godiya ga membobinmu masu Larabci da suka karanta mana Abul Ƙasim Ash-Shabbi na Tunisiya da Ahmad Matar na Iraƙi. Kuɗin wata ma bai shigo yadda ya kamata ba, shi ya sa ba a sayi littattafan da aka yi alkawari ba.

Chile ta zamanin Pinochet, da kisan mawaƙi Victor Jara a Satumbar 1973, ba mu kai gare su ba, an ɗage su zuwa baɗi. Kwamiti na ba da shawarar a haɗa su da waƙoƙin Sa'adu Zungur da na jam'iyyar NEPU na shekarun 1950. Duk mai son gabatar da takarda ya miƙa sunansa kafin zama na gaba, masu bashin kuɗin wata kuma su ga ma'aji.

Sakatare