Bashin da ɗalibaina na 2021 suke bi na

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni malamin fiziks ne a wata sakandare a Zariya, kuma bashi nake so in biya ta shafinku.

A Afrilun 2021 na shiga aji da zumuɗi, na ce wa yara littafinmu ya kusa tsufa. Cibiyar Fermilab da ke kusa da Shikago a Amurka ce ta fitar da awon muwon, wata ƙwaya 'yar'uwar ilektiron da ta ninka shi nauyi kusan sau 207, wadda ke rugujewa cikin kashi biyu da ɗoriya cikin miliyan na daƙiƙa. In aka sa ta cikin maganaɗisu sai ta riƙa layi kamar katantanwar da ta kusa faɗuwa. Saurin layin nan suka auna a wani zoben maganaɗisu mai faɗin mita 14, wanda aka kwaso daga cibiyar bincike ta Brookhaven da ke jihar New York a 2013 ta ruwa da kan tirela. Awon ya saɓa da lissafin masana, aka ce ƙila wata ɓoyayyar ƙwaya ce ke taɓa ta. Masu sabbin nazariyyoyi kowa ya fito da tasa, ni ma na bi yarima na sha kiɗa.

Ashe a ranar da Fermilab ta fitar da awon ce wasu masana na biranen Budafes da Marsai da Wuppertal a Turai suka wallafa lissafin da suka yi da manyan kwamfutoci, wanda ya matso kusa da awon. Ban ko kalle shi ba, labarin bai da armashi. A 2023 wani gwaji a Nobosibis ta Rasha ya ƙara girgiza tsohon lissafin. A Mayun 2025 masana suka sake lissafi, a Yuni Fermilab ta kawo awonta na ƙarshe, mai kuskuren da bai wuce kashi 127 cikin biliyan ba. Awon bai gusa ba, lissafin ne ya taso ya same shi, giɓin ya kusa rufewa. Nazariyyar da aka ɗinka don cike giɓi kuwa, yanzu sai ta yi bayanin inda ya shiga.

Saura a gano abin da ya raba hanyoyin lissafin biyu, wato tsohuwar hanya da ta manyan kwamfutoci, Japan ma na shirya nata awon a cibiyar J-PARC. Ɗaliban nan sun watsu jami'o'i, ba ni da lambar yawancinsu. Don Allah ku buga wannan ko wani zai gani.

Naku,
Malamin fiziks, Zariya